Gogen da Ya Ɓace a Ranuna

Jama'a na dawowa daga sallar Juma'a aka tarar an ɓalle kwaɗon ɗakin kaya, gogen kuma babu shi.

Istirahar da 'yan wasan suka kama haya tana gefen Ranuna, kusa da masallacin Ƙuba a Madina, irin gidajen nan masu faɗin fili da ake yin biki a cikinsu. Daga Jidda suka taso. Sun yi Makka, sun yi Yanbu, yau bayan isha'i kuma Madina ce. Wasan da suke yawo da shi, Alƙali Mai Barci, tsohon wasan barkwanci ne na waƙe-waƙe: ana kawo ƙara alƙali na sharar barci, sai ya farka firgigit ya rera hukunci a kan wanda ya fi kusa da shi. Marigayi mahaifin Hajiya Zinariya ne ya tsara shi tun suna tahowa hajji a ƙasa, kuma har yau da gogensa ake jan kowace waƙa. In babu goge, babu wasa.

Kafin Lurwanu ya iso, labari ya riga shi. Mutanen unguwar Harra ta Gabas sun cika barandar gaba, kuma duk bakinsu ɗaya.

"Ɗalibin nan ne na jami'a."

"Jiya a gaban kowa ya ce goge kayan shaiɗan ne."

"Harisi mai gadin gidan ma ya gan shi yana fita ɗazu kafin salla."

Lurwanu ya ratsa su da sallama bai tsaya ba. Dattijo ne siriri, mai tafiya a hankali, idonsa kullum a ƙasa. Mahaifinsa Badamagare ne da ya yi kiwon raƙuma wa Larabawan ƙauye, a wurinsa ya koyi bin sawu, daga baya ya yi shekaru yana yi wa masu gadin iyaka wannan aikin a arewa har ya ajiye aiki. A unguwa in akuya ta ɓata, ko an haura katanga, shi ake fara kira.

Hajiya Zinariya, shugabar tawagar, tana tsaye a bakin ƙofar da ke kaiwa bayan gida, ta tare ta da jikinta.

"Ammi Lurwanu, ban bar kowa ya taka ba, yadda ka ce a waya."

"Kin kyauta."

"Amma in gaya maka tun yanzu. In la'asar ta yi sanyi ban ga gogen mahaifina ba, shurɗa zan kira, 'yan sanda su tafi da shi, sannan in kai ƙara jami'arsu."

"Kin san abin da hakan zai jawo wa yaron?"

"Na sani. Za su kore shi, su sa shi a jirgi. Shi ya san abin da ya jawo mini?"

Lurwanu ya cire takalmansa ya riƙe a hannu.

"Ba ni hanya, 'yata."

*

Bayan gidan yashi ne zalla. Ɗakin kaya na kusurwar hagu, famfunan alwala na dama, can ƙarshe kuma 'yan itatuwan dabino. Harisin gidan ya ce da hantsi ya share filin ya yayyafa ruwa, saboda haka duk abin da ke kan yashin sabo ne.

Lurwanu ya bi gefen katanga ya tsuguna. Sawu iri biyu ne. Na farko takalmin fata mai sabon dunduniya, ya miƙe tsaf daga ƙofa zuwa ɗakin kaya, ya ɗan tsaya, ya juyo. Na biyu silifar roba ce, irin wadda ake zubewa a bakin famfo kowa ya zura. Ta fito daga wajen alwala ta je ɗakin, ta koma. A wurare biyu ta hau kan sawun takalmin fatan, wato ita ce ta zo daga baya.

Mai silifar gajeren taku gare shi, yana kuma ɗan jan ƙafa. Amma abin da ya tsayar da Lurwanu a tsakiyar fili yake. Sawun na tafiya sosai, sai kawai ya karkace, ya yi zagaye mai faɗi kamar mai kauce wa rijiya, sannan ya dawo kan hanya. A dawowa ma haka, a daidai wurin.

Ya duba abin da aka kauce wa. Yashi ne sumul, ko tsinke babu.

Ya ƙarasa ɗakin kaya. Kwaɗon na ƙasa, kusa da shi guntun ƙarfe. Jikin ƙofar duk tabon duka ne, sama da ƙasa, wasu ma nesa da inda kwaɗon yake.

"Hannunsa rawa yake don tsoro," in ji Zinariya daga bakin ƙofa.

"Wataƙila," Lurwanu ya ce.

*

Musaddiq na zaune a ƙaramin falo, maza biyu sun tsare ƙofa. Saurayi ne ɗan Zariya, shekararsa ta ƙarshe a jami'ar Musulunci. Ya miƙe ya gaida Lurwanu, muryarsa a dake.

"Ɗaga ƙafarka in gani, Malam."

Takalmin fata ne mai sabon dunduniya.

"Ka je ɗakin kaya ɗazu."

"Na je, Baba. Ban ɓoye wa kowa ba."

"Me ya kai ka?"

"Jiya na yi wa Baba Yahya, mai gogen, magana da kakkausar murya. Ra'ayina a kan kiɗa yana nan, ban canja ba. Amma ya haife ni, bai kamata in ɗaga masa murya a gaban mutane ba. Abin ya hana ni sakat. Na zo ba shi haƙuri, na tarar duk sun tafi Harami. Na ƙwanƙwasa ɗakin ko yana ciki, shiru, sai na tafi."

"Kwaɗon fa?"

"A kulle yake lafiya lau."

Ɗaya daga masu tsaron ƙofar ya yi tsaki. "Sai ya zagaya ya sako silifa, don a ce wani ne."

Musaddiq ya dubi Lurwanu. "Baba, saura mini wata kaɗan in gama. Mahaifiyata ta riga ta gaya wa dangi ranar da zan dawo. Ban taɓa gogen nan ba. Ko an ba ni ba zan riƙe ba, balle in sata."

Lurwanu ya lura da yadda ya tako ɗazu da ya miƙe, dogon taku na mai sauri. Amma wannan ba hujjar da zai kai wa Zinariya ba ce. Mutum na iya rage takunsa in ya so.

"Zauna nan. Kada ka yi musu da kowa."

*

Baba Yahya yana bakin dandamali a filin gaba, ya ɗora bakan gogen a cinya yana shafa tsirkiyar. Tsoho ne ɗan asalin Chadi, Hausarsa na da ɗan nauyin can.

"Ni ba wasan ne damuwata ba," ya ce. "Fatar nan ta tsufa. In aka yar da shi a rana, kafin magariba ta tsage, kuma babu mai gyara ta a ƙasar nan."

"Wa kake zargi?"

"Yaron jami'a baki gare shi kawai. Ka tambayi Saif. A Yanbu ya ce mini zamanin goge ya wuce, a sayo org, piyanon nan mai lantarki, a huta. Kuma yau ba mu dawo daga Harami tare da shi ba."

"Waye bai je Haramin ba?"

"Mata suna unguwar Khalidiyya wajen gwaggon Hajiya. Maza duk mun je, ban da Badaru. Ya ce ya gaji, zai yi a Ƙuba tunda kusa ne."

Jin sunan ya sa fuskar Lurwanu ta saki. Badaru shi ne Alƙali Mai Barci kansa, ya fi shekara talatin yana sa rawanin. Kafin nan kuwa abokinsa ne na ƙuruciya, lungunsu ɗaya a Harra, tare suka yi ta tsalle a kan baƙaƙen duwatsu kafin Jidda ta ɗauke shi.

Ya same shi a ɗakin maza, kwance a kan katifa, an ja labule. Sai da Lurwanu ya yi sallama Badaru ya tashi zaune da dariya.

"Lurwanu mai kallon ƙasa. Har yanzu ba ka tsinci abin da ka yar ba?"

Suka rungumi juna. Badaru ya nuna gefen da fulas yake.

"Zuba mana shahi da kanka, kai ba baƙo ba ne."

Suka taɓa hirar da, ta lungu da waɗanda suka rasu. Sannan Lurwanu ya tambaye shi ko ya ji wani motsi.

"Ni? Tun bayan asuba nake barci kamar a kan dandamali. Na tashi na yi alwala na tafi Ƙuba. Da na dawo na ji hayaniya." Ya kurɓi shayin. "Ka gaya wa Zinariya ta bar yaron nan. A ɗage wasan kawai, halas. Madina ba guduwa za ta yi ba."

"Mutanen Harra sun daɗe suna jiranka."

"Su ƙara jira."

Lurwanu ya fito yana ganin ya ɓata lokaci. Ya san takun Badaru kamar nasa: dogo, mai buɗe ƙafa, na mutumin da bai taɓa shakkar ƙasa ba. Mai silifar can lallaɓa ƙasa yake.

*

Saif yana ɗaura fitilu a kan tsani. Shi ke fitowa a dogarin alƙali, ƙato ne haifaffen Jidda, yana jin Hausa sarai amma da Larabci yake amsa rabin magana. Yana saukowa Lurwanu ya dubi ƙafafunsa ya cire shi a ransa. Da wannan ƙafar ce ta shiga silifar, da dunduniya ta zarce ta bar shaida a yashi.

"Ina ka tsaya bayan salla?"

"Wallahi ya ammi, na kai sayyara a duba taya. Gobe Tabuka za mu, hanya ce mai nisa, kuma ni kaɗai ke tuƙi yanzu."

"Da wa ke taya ka?"

"Ammi Badaru. Da ma shi ne direbanmu, ba ya yarda kowa ya taɓa sitiyari. Tun kafin Makka ya miƙo mini makulli, wai bayansa ke ciwo."

"An ce ka fi son org."

Saif ya sosa ƙeya. "Na faɗa, sahih. Amma magana ce. A Yanbu Ammi Badaru ya kusa faɗowa daga dandamali a rawar ƙarshe, ni na cafko rigarsa. Mutane suka ɗauka cikin wasa ne, suka yi ta dariya. Bayan an tashi raina a ɓace, Baba Yahya ya ce ni na ɓata kiɗa, shi ne na faɗi abin da na faɗa."

Lurwanu ya ja shi zuwa ƙofar baya, ya nuna masa tsakiyar fili.

"Me ke can wurin?"

"Wala shai. Babu komai."

"Jiya fa?"

"Jiya? Ai kujeru ne. A nan mai mota ya jibge su, tuli guda, duk wanda zai je ɗakin kaya sai ya zagaye. Yau da sassafe muka kwashe su muka jera a gaba, sannan harisi ya share."

"Da wa da wa kuka kwashe?"

"Mu duka. Ban da Ammi Badaru, yana barci."

Lurwanu ya sake duban sawun. Da tsakar rana, fili fayau, mutum ya zagaye tulin kujerun da babu su, a tafiya da dawowa. Wanda ke gani ba zai yi haka ba. Wanda bai san gidan jiya ba, shi ma ba zai yi ba. Ya tuna tabon duka a jikin ƙofa. Ya tuna labulen da aka ja, da yadda Badaru bai kira sunansa ba sai da ya ji muryarsa.

Ya sallami Saif, ya koma wajen famfunan alwala.

*

A nan yashi ya ƙare, siminti ya fara. Wata siririyar magudana ta bi gefen katanga zuwa wajen dabino. Lurwanu ya durƙusa har gemunsa ya kusa taɓa ƙasa, ya kalli simintin ta gefen da rana ke haskawa. Ga ƙwayoyin yashi nan, ɗan tari, tazara, ɗan tari. A jikin katangar kuma, daidai kafaɗa, ƙura ta goge a dogon layi, inda hannu ya bi yana shafawa.

Layin ya kai shi wani ɗan ɗaki na injin ban-ruwa a bayan dabino. Ciki da duhu da sanyi. A kan kanta, sama da inda danshi ke kaiwa, akwai abu naɗe cikin farin tawul. Ya warware. Gogen ne, ko ƙwarzane babu. An ma cusa tsumma a ƙarƙashin wuyansa don kada ya gogi siminti.

Ya zauna a bakin ɗakin da shi a cinya. Hanya mai sauƙi tana nan: ya kai gogen, ya ce sawu ya ɓace a siminti, a yi wasa, kowa ya tafi gida. Ya mayar da shi cikin tawul, ya ajiye, ya je ya gwada.

Zinariya na waya da gwaggonta. Ta katse da ta gan shi.

"In aka samu gogen lafiya," ya ce, "za ki bar maganar yaron?"

"An same shi?"

"Tambaya na yi."

"A'a. In aka same shi, ya ɓoye ne don ya hana wasa. Ko ni na yafe, ga su can." Ta nuna baranda. "Wasu har sun fara aika saƙo ga 'yan uwansu da ke aiki a jami'a. Sai dai in ka kawo mini wani da suna."

Lurwanu ya gyaɗa kai. Da ma ya san amsar.

"Tara mini mutanenki a babban falo. Da yaron, da dattawa uku daga baranda. Kowa ya zauna, kada a kunna fitila, hasken taga ya isa."

Ya biya ta wurin Baba Yahya ya raɗa masa magana a kunne. Tsohon ya runtse ido ya yi hamdala a hankali.

"Amma in na shigo da shi, kada ka ce uffan," in ji Lurwanu.

*

La'asar ta yi. Suna zaune a jikin bango: Zinariya da mayafinta a gefe guda, Baba Yahya, Saif, dattawan Harra, Musaddiq shi kaɗai a kusurwa. Badaru na kusa da ƙofar ciki, ya jingina da matashi.

Lurwanu ya tsaya a bakin ƙofa, hannunsa ɗaya a waje.

"Badaru, kai ne babba a tawagar nan. Kafin in yi magana, gaya musu shawarar da ka ba ni ɗazu."

Badaru ya gyara zama. Muryarsa mai cika ɗaki ce, ko a zaune.

"Shawarata ita ce a yi haƙuri. Abin da ya tafi ya tafi."

Yana cikin magana Lurwanu ya shigo ba takalmi, ya ɗaga yatsa ya ɗora a leɓe, ya ajiye gogen tsirara a tsakiyar darduma. Zinariya ta dafe baki da hannu biyu. Saif ya yunƙura, Lurwanu ya tsayar da shi da ido. Ɗakin ya yi tsit, duk idanu a kan abu ɗaya.

Badaru bai tsaya ba.

"Wanda ya ɗauka ya riga ya yi nisa da shi. Ba za mu gan shi yau ba, wataƙila ba za mu gan shi a wannan tafiyar ba. A ba jama'a haƙuri, a sallami yaron nan ya koma karatunsa, mu kuma mu koma Jidda. In Allah ya sa an same shi daga baya..."

Ya ji shirun ya yi yawa. Ya juya kai hagu da dama.

"Me ya faru?"

"Me ke gabanka a kan darduma, abokina?" Lurwanu ya tambaya a hankali.

Badaru ya ƙura ido. Baba Yahya ya kasa daurewa, ya miƙa hannu ya taɓa tsirkiyar, ta yi ɗan kuka.

Kafaɗun Badaru suka sauka.

Lurwanu ya yi bayani a taƙaice: sawun da ya zagaye kujerun jiya, dukan da ya yi ta kuskure kwaɗo, hannun da ya bi katanga. Ya ce takalmin Musaddiq ya ratsa tsakiyar filin kai tsaye, kuma kafin mai silifa ya zo. Bai ɗaga murya ba, bai kuma dubi kowa ba sai abokinsa.

"Suga ce," Badaru ya ce daga ƙarshe. "Ta ci idona na hagu tun bara, yanzu ta kama na dama. Inuwa nake gani. In rana ta yi ƙarfi ko fitilun dandamali suka haska ni, ita ma babu. Duk garin da muka sauka, sai in bi wurin da ƙafa in haddace."

"Me ya hana ka faɗa mini, Ammi?" in ji Zinariya.

"In faɗa ki ba Saif rawanin, in koma gida in zauna? Na ce bari in lallaɓa mu gama tafiyar. Sai na kusa faɗowa a Yanbu. Dandamalin nan kuwa ya fi na can tsawo." Ya shafa fuska. "Kuma nan Madina ce. Inna da ta haife ni za ta zo. Ta kusa casa'in, an ce har ta sa an ɗinka mata sabuwar abaya. Ba ta san komai ba. Na kasa jure ta ga an kwashe ni a ƙasa. Na ce in babu goge za a ɗage, jibi in sa a tsince shi."

"Da aka kama yaron fa?" in ji Lurwanu.

"Na ce a sake shi."

"Ka ce a sake shi kana kwance a ɗaki. Ba ka ce kai ne ba."

Badaru ya ɗago kai. Can ya juya fuskarsa wajen da ba daidai ba.

"Malam Musaddiq, kana ina?"

"Ga ni nan, Baba. Ta damanka."

"Na cuce ka. Ka yafe mini."

Musaddiq ya dube shi.

"Na yafe, Baba, Allah ya ba ka lafiya. Amma mutanen da ke waje ba su ji ba. Gobe da wannan sunan zan shiga aji."

Ɗaya daga dattawan ya ce za su faɗa wa jama'a an samu gogen, ɓatan kai ne kawai, a rufa wa Badaru asiri.

"A'a," Lurwanu ya ce. "In aka ce ɓatan kai ne, kowa zai tafi gida da abin da ya zo da shi a ransa. A gaban jama'a aka kira shi ɓarawo."

Zinariya ta share ido da gefen mayafi, ta miƙe ta tsaya gaban Musaddiq.

"Ni na fara kiran sunanka. Ka yafe mini, ɗana." Sannan ta juya. "Ammi Badaru, za a yi wasa yau. A zaune za ka yi, rawar ƙarshe Saif zai karɓa. Amma kafin Baba Yahya ya ja baka, wani zai gaya wa mutane gaskiya. Ko kai, ko ni."

Badaru ya lalubo bango ya miƙe.

"Ni ne zan faɗa. Lurwanu, zo ka riƙe ni. Tunda kai ka tono ni, kai za ka hau da ni."

*

Bayan isha'i filin gaba ya cika, maza a dama, iyalai a hagu. Musaddiq ya tsaya a bakin babbar ƙofa. Ya ce zai ji maganar, amma kafin kiɗa ya tashi zai tafi, kuma babu wanda ya ce masa don me.

Lurwanu ya hau matakala da Badaru a kafaɗarsa, yana faɗa masa inda zai sa ƙafa. Ganin ƙaton rawanin kawai ya sa aka fara dariya da tafi. Badaru ya ɗaga hannu har aka yi shiru.

"Mutanen Harra, wannan ba cikin wasa ba ne. Ni na ɓalle ɗaki na ɓoye goge. Ɗalibin da kuka tsare bai san hawa ba bai san sauka ba, ya zo ba dattijo haƙuri ne. Duk wanda ya aika magana a kansa, ya aika wata ya warware, yanzu, kafin mu fara." Ya gyara rawani. "Dalili kuwa, idona ya tafi. Ba na ganin ko ɗayanku. Na ji tsoron ku sani."

Babu wanda ya motsa. Can baya wasu maza suka tashi suka nufi ƙofa wajen Musaddiq, hannuwansu a miƙe. Nan da can aka fara ciro wayoyi.

Sai wata siririyar murya ta taso daga layin gaba na mata, daga cikin keken guragu.

"Badaru."

"Na'am, Inna."

"Tun ƙaramar salla na sani. Ka shigo ka durƙusa ka gaida Innayatu mai yi mini wanki, ka yi ta sa mata albarka, ni ina gefe ina kallonka. Na yi shiru in ga ranar da za ka faɗa da bakinka."

Dariya ta ɗan taso ta koma, don mutane ba su san ko ta halatta ba. Badaru ne ya fara yin ta sosai, hawaye na bin gemunsa, sannan filin ya ɗauka.

"To zauna kada ka faɗo," in ji tsohuwar. "Waƙa na zo ji."

Lurwanu ya kai shi kan kujerar alƙali, ya ɗora hannunsa a kan madogarin don ya san iyakarta. Badaru ya riƙe wuyan hannunsa bai saki ba.

"Jibi akwai likitan ido a Khalidiyya," Lurwanu ya raɗa masa. "Ba za ka Tabuka ba. Ni zan kai ka."

"Za ka zo da gaske?"

"Da sassafe. Yi barcinka, ga masu ƙara nan sun taho."

Badaru ya saki hannun, ya karkata rawani, ya langaɓar da kai. Baba Yahya ya ja baka.